Na'urar riƙe gudu a mota manuwal: abin da take iyawa da abin da ya fi ƙarfinta

Motocin da ake shigo da su daga Turai ta Kwatano ko ta Legas, waɗanda muke kira 'yan Beljiyom, da yawansu manuwal ne, wato masu kuloci da giyar hannu. A cikinsu akan samu masu wasu maɓallai a jikin sitiyari, ko wani ɗan hannu a bayansa, an rubuta SET da RES, wani lokaci har da CANCEL. Wannan ita ce kuruz kwantirol, na'urar riƙe gudu. Direba zai kai gudun da yake so, ya danna maɓalli, ya ɗauke ƙafa daga totur, mota ta ci gaba da tafiya a kan gudun nan ba ƙari ba ragi.

Ruɗanin da ke tattare da ita a wajen masu manuwal iri-iri ne. Wasu sun ɗauka motar otomatik ce kaɗai ke da ita, don haka ko taɓa maɓallan ba sa yi. Wasu sun gwada, da suka sauya giya ta katse, sai suka yanke hukuncin cewa ta lalace, suka nufi wurin mai rewaya. Akwai kuma waɗanda suka shiga hawa da ita suka ji mota tana kakkarwa, gudu yana raguwa, alhali fitilar na'urar tana kunne a gabansu. Duk waɗannan tushensu ɗaya ne: totur kaɗai ke hannun na'urar. Giya da kuloci suna nan a hannun direba da ƙafarsa.

Asalinta, da dalilin da ya sa ake jingina ta ga otomatik

Wanda ya ƙirƙiro na'urar a siffar da aka san ta wani injiniya ne Ba'amurke daga jihar Indiyana, Ralph Teetor, wanda ya makance tun yana ɗan shekara biyar. Ya samu takardar mallakar ƙirƙirarsa a 1950. Kamfanin Chrysler ya fara sa ta a motocinsa a 1958 da sunan Auto-pilot, ba da jimawa ba kuma Cadillac ya ɗauke ta ya raɗa mata sunan da ya bi ta har yau. Ta ƙara samun kasuwa bayan rikicin man fetur na 1973, musamman da Amurka ta ƙayyade gudu a manyan hanyoyinta zuwa mil 55 a awa, kusan kilomita 89, a 1974. Mai tafiyar yini guda a miƙaƙƙen titi, ga dokar gudu a kansa, ga tsadar mai, dole ya yi maraba da abin da zai riƙe masa totur.

Motocin Amurka na wancan zamani galibinsu otomatik ne masu manyan injuna, shi ya sa mutane suka saba ganin na'urar tare da otomatik. A Turai kuwa manuwal ce ta yi shekaru tana mamaye kasuwa, sai kamfanoni irin su Volkswagen da Peugeot da Opel suka daidaita ta da motocinsu. Manyan motocin dakon kaya masu giyar hannu ma suna da ita. Babban abin da aka ƙara domin manuwal ɗan makunni ne a jikin kuloci, kuma a kansa mafi yawan bayanin nan zai tsaya.

Idonta a kan maleji, hannunta a kan totur

Sassa uku ne ke haɗuwa su yi aikin. Akwai abin auna gudu, wanda ke jikin giyabos ko a tayoyi tare da na'urar birkin ABS, mai hana taya kullewa in an danna birki da ƙarfi. Akwai ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke kira birenbos, ita ke ajiye gudun da direba ya zaɓa. Sai kuma abin da ke buɗe totur ya rufe. A tsofaffin motoci wata 'yar tukunya ce mai aiki da zuƙar iskar inji, tana jan wayar totur, har direba kan ji fedar tana motsi da kanta a ƙarƙashin ƙafarsa. A motocin da suka biyo baya babu waya tsakanin feda da inji, saƙon lantarki ne, don haka ƙwaƙwalwar ce ke ba da umarni kai tsaye.

Lissafin da take yi bai wuce tambaya ɗaya ba, tana maimaita ta sau da yawa a cikin daƙiƙa guda: gudun da ake yi yanzu ya kai wanda aka zaɓa? In bai kai ba ta ƙara totur, in ya wuce ta rage. Ba ta ganin rami, ba ta ganin kwana, ba ta san akwai tirela a gaba ba. Irin ta gargajiya ba ta taɓa birki sam.

Galibin motoci ba sa yarda ta kama sai gudu ya kai kilomita 30 zuwa 40 a awa. SET yana ajiye gudun da ake kai. CANCEL, ko taka birki, yana sakin totur amma ƙwaƙwalwa tana riƙe da lambar. RES yana mayar da mota kan waccan lambar da aka ajiye. Kashe na'urar gaba ɗaya, ko kashe mota, yana goge lambar. In direba ya taka totur don ya wuce wata mota, na'urar tana ba shi wuri, yana ɗaga ƙafa kuma mota ta sauko kan gudunta na da. Har zuwa nan babu bambanci tsakanin manuwal da otomatik.

Me ya sa take katsewa idan an taka kuloci

Taka kuloci yana raba inji da tayoyi. A ce mota tana kan kilomita 100, direba ya taka kuloci, na'urar kuma ba ta sani ba. Gudu zai sauko 99, sannan 98. Za ta ƙara totur. Injin da babu kaya a kansa zai yi sama nan take, allurar juyinsa ta nufi jan layi, amma gudun mota ba zai ƙaru ba tunda ƙarfin ba ya kaiwa ga taya. Ganin haka sai ta ƙara buɗewa. Idan direba ya saki kuloci a daidai wannan lokaci, mota za ta fizga, farantin kuloci kuma ya sha wuta. Domin kauce wa wannan ne aka sa makunnin da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa an taka kuloci, ita kuma ta saki totur. Katsewar da wasu ke ɗauka lalacewa ce, ita ce alamar lafiyar na'urar.

Makunnin yana can sama a jikin fedar, kuma yana aiki tun daga farkon takawa, kafin kuloci ya raba inji da taya. Wannan ne ke bayyana wani ƙorafi da ake yawan ji, cewa na'urar tana mutuwa haka kawai ba a taɓa komai ba. Sau da yawa ƙafar hagu ce ke kwance a kan kuloci, mota ta ɗan yi tsalle a gargada, fedar ta motsa. Ɗora ƙafa a kan kuloci dama can al'ada ce mai cinye shi, ko da babu na'urar. Ya kamata kuma a bambanta wannan makunni da wani na biyu da ke wasu motoci, wanda ke hana inji tashi sai an danne kuloci har ƙasa. Ɗaya yana iya mutuwa ɗayan yana aiki.

Kamfanoni sun rabu biyu a kan abin da ya kamata ya biyo bayan takawar. Tsohon tsari, wanda ke cikin mafi yawan motocin da ke yawo a titunanmu, shi ne na'urar ta katse, ba za ta dawo ba sai direba ya danna RES. Sabon tsari, wanda ake samu a wasu motocin baya-bayan nan, shi ne ta ɗan dakata, direba ya sauya giya, yana sakin kuloci ta ci gaba da kanta, sai dai in ya daɗe yana danne da shi ko ya bar mota a firi. Masu goyon bayan tsohon tsari suna cewa duk abin da ƙafa ta taka ya kamata ya mayar wa direba da iko cikakke, ta yadda mota ba za ta taɓa ƙara gudu ba tare da ya nema ba. Masu goyon bayan sabon suna cewa katsewa a kowane sauyin giya yana sa direba ya riƙa ƙin sauya giyar ko da inji yana buƙata, kuma hakan ya fi illa. Kowanne yana da hujja. Haɗarin yana ga mutumin da ya saba da ɗaya ya karɓi mota mai ɗayan: ya taka kuloci yana zaton ya kashe na'urar, ya shiga giya ta ƙasa don rage gudu, yana sakin kuloci mota ta zabura.

Akwai masu fitar da giya zuwa firi ba tare da taka kuloci ba. A nan makunnin bai ji komai ba. Motocin zamani suna kwatanta juyin inji da gudun taya, in suka ga ba su dace ba sai su katse na'urar, amma a wasu tsofaffi inji kan yi kuka ya hau sama kafin direba ya farga.

RES ba ya duba giyar da ake ciki

Wannan wuri ne da ya cancanci a tsaya a kansa, domin hanyoyinmu cike suke da dalilan rage gudu. Direba ya sa na'ura a kan 100 tsakanin Zariya da Kano. Ya iso shingen bincike, ya taka birki, ya sauko giya ta biyu, aka ɗaga masa hannu ya wuce. Ya shiga ta uku, maleji yana nuna 50, sai ya danna RES. Na'urar ta tuna 100, kuma za ta nemi 100 a cikin giya ta ukun nan, inji yana ihu, mai yana ƙonewa, ga kasuwa da masu talla a bakin titi. Idan kuma ya yi gaggawar shiga ta biyar a kan 50 sannan ya danna, za ta buɗe totur sosai a kan injin da juyinsa ya yi ƙasa, mota ta riƙa kakkarwa tana jan jiki.

A otomatik giyabos ne ke bin giyoyi ɗaya bayan ɗaya har a kai. A manuwal hanyar da ta dace ita ce direba ya hau da ƙafarsa, ya bi giyoyinsa har ya kusa gudun da ya ajiye, yana cikin giyar da zai zauna a kanta, sannan ya danna RES.

Hawa da gangara

A shimfiɗaɗɗen titi, ƙaramar motar fetur mai giya biyar takan yi kilomita 100 da juyin inji tsakanin 2,500 da 3,000 a minti, kuma tana da rarar ƙarfin da za ta haye ɗan tudu ba tare da direba ya lura ba. Matsalar tana fitowa ne a dogon hawa, musamman in an cika mota da mutane da kaya kuma an kunna na'urar sanyaya iska. Gudu zai fara sauka, na'urar ta buɗe totur har iyakarsa, amma giya ta biyar ba ta da ƙarfin ja. Otomatik a nan takan sauko giya da kanta. Manuwal ba ta da wannan dama. Gudu yana sauka, juyin inji yana sauka tare da shi, ƙarfinsa yana ƙara raguwa. Tafiya a haka, totur a buɗe juyi a ƙasa, tana wahalar da inji da kuloci. Wasu kamfanoni sun sa iyaka: a motocin Toyota da dama, in gudu ya faɗi da kimanin kilomita 16 ƙasa da wanda aka ajiye, na'urar tana katse kanta. Direban da bai san da wannan ba zai ji mota ta saki jiki a tsakiyar hawa, daidai lokacin da yake buƙatar ƙarfi.

Tsofaffi masu tukunyar iska suna da ƙarin rauni. Zuƙar iskar injin fetur tana raguwa ne idan totur ya buɗe sosai, wato abin da ke jan wayar yana rasa ƙarfi a lokacin da aka fi buƙatarsa. In robar iskar ta tsage, abin da zafi da ƙura kan jawo, rashin ƙarfin yakan fara bayyana a hawa.

Gangara ta fi hawa haɗari. Iyakar abin da na'urar za ta iya shi ne ta rufe totur. Daga nan sai riƙon da inji ke yi wa taya, kuma a giya ta biyar ko ta shida riƙon nan kaɗan ne. Injin dizal ma ya fi na fetur raunin riƙo. Saboda haka mota da aka ajiye a kan 90 tana iya kaiwa 110 a doguwar gangara, fitilar na'urar tana kunne, direba yana zaton akwai mai tsaron gudun. A wuri irin Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, babu abin da za ta amfana: sai giya ta ƙasa, ƙafa a kusa da birki. Sakin mota a firi a gangara, wanda wasu ke yi da sunan tattalin mai, ya fi wannan muni. Motar da ke da injekta tana yanke mai gaba ɗaya in tana gangarawa a cikin giya ba a taka totur ba, a firi kuwa sai ta sha mai don kada inji ya mutu, kuma duk nauyin motar ya koma kan birki har ya yi zafi ya daina kamawa.

Mai da ruwan sama: inda ake jayayya

Masu cewa na'urar tana rage shan mai suna da gaskiya a miƙaƙƙiyar hanya marar tudu, irin dogayen zangunan da ke tsakanin Kano da Maiduguri. Ƙafar ɗan Adam ba ta zama wuri ɗaya, tana ƙarawa tana ragewa, kuma tana yawan zarce gudun da aka yi niyya. Turjiyar iska tana ninkuwa huɗu in gudu ya ninka biyu, don haka hana mota zarcewa kaɗai tattali ne. Masu cewa tana ƙara shan mai su ma suna da gaskiya a hanya mai hawa da sauka. Gogaggen direba yakan tara gudu kafin tudu, ya bar shi ya ɗan ragu a sama, ya maido shi a gangara. Na'urar ba ta hango tudu, sai ta shiga cikinsa take fara kokawa da shi. Manuwal tana da ɗan fifiko a nan, tunda ba za ta riƙa sauka da hawa tsakanin giyoyi ba kamar yadda wasu tsofaffin otomatik ke yi, amma fifikon ya dogara ga direba ya zaɓi giyar da ta dace.

Game da ruwan sama, littattafan da kamfanoni ke haɗawa da motoci suna hana amfani da ita a titi mai santsi. Labarin da ke yawo cewa mota takan ƙara gudu da kanta har ta tashi sama idan taya ta hau ruwa ya wuce gona da iri. Ainihin haɗarin shi ne jinkiri. Direban da ƙafarsa ke kan totur yana jin santsi ya sassauta nan take. Wanda ƙafarsa ke hutawa sai ya nemo feda tukuna, kuma a gudun kilomita 100 mota tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Mafi yawa kuma birki suke kai wa ƙafa, wanda in aka danna shi da ƙarfi a kan ruwa yana iya juya mota. Mai manuwal yana da wata mafita: taka kuloci yana katse na'urar, ya kuma cire ƙarfin inji daga taya ba tare da an taɓa birki ba.

Mai hangen gaba, da mai ƙayyade gudu

Sabon nau'in na'urar yana amfani da rada, wato na'urar gano abu daga nesa, ko kyamara don auna tazarar motar da ke gaba, ya rage gudu, har ya taka birki da kansa. Mercedes ya fito da nasa mai rada a 1999 da sunan Distronic. Ana samun irin wannan a wasu motocin manuwal, amma da iyaka. A otomatik yana iya bin cunkoso har mota ta tsaya cik ta sake tashi. A manuwal ba zai iya ba, domin in ya ci gaba da rage gudu a cikin babbar giya inji zai mutu. Sai ya nuna wa direba alama ya sauko giya, in gudu ya yi ƙasa sosai kuma ya yi ƙara ya sakar masa mota. Wanda ya dogara da shi ya tsayar da mota a bayan wata, zai iya samun kansa a cikin but ɗinta.

Akwai kuma wata na'ura da ake rikita ta da wannan, mai ƙayyade gudu, wadda ke yawan zuwa a motocin Peugeot da Renault da Mercedes, sau da yawa a jikin hannu ɗaya da mai riƙe gudu. Ita direba ne ke taka totur, amma mota ba za ta wuce lambar da ya sa ba sai in ya danne fedar har ƙasa. Sauya giya ba ya katse ta, shi ya sa ta fi dacewa da manuwal a hanyar da ake yawan tsayawa da tashi. Ta kuma bambanta da wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta fara tilasta wa motocin haya a Najeriya a 2017, domin waccan ba direba ke sauya lambarta ba. A Tarayyar Turai, tun Yulin 2024 duk sabuwar mota dole ta zo da na'urar da ke gane iyakar gudun hanya ta gargaɗi direba, kuma irin waɗannan motoci ne za su zama 'yan Beljiyom nan da wasu shekaru.

Motar da ta sha hannu a gareji

Duk bayanin da ya gabata yana magana ne a kan motar da take yadda kamfani ya ƙera ta. Da yawa daga motocinmu ba haka suke ba. Ana cire giyabos na otomatik a sa na manuwal saboda sauƙin gyara, kuma mai aikin ba lallai ne ya sa makunnin kuloci ba. Maɓallan suna nan a sitiyari, wataƙila na'urar ta ƙi kamawa sam, wataƙila kuma ta kama ba tare da abin da zai gaya mata an taka kuloci ba. Haka in makunni ya mutu aka haɗe wayoyinsa maimakon a sayi sabo. Masu sa na'urar a motar da ba ta zo da ita ba, abin da ke yiwuwa a wasu motocin Volkswagen masu totur na lantarki ta hanyar sauya hannun sitiyari da buɗe ta a kwamfuta, su ma dole su tabbatar makunnin yana nan yana aiki.

Idan na'ura ta ƙi kamawa gaba ɗaya, wuraren da aka fi samun laifin su ne makunnin birki, makunnin kuloci, da abin auna gudu, kuma duk sun fi birenbos arha nesa ba kusa ba. A wasu tsofaffin motoci ƙonewar ƙwan fitilar birki kaɗai tana hana ta aiki. In kuma ana cikin tafiya da ita a hawa sai juyin inji ya tashi amma gudu bai ƙaru ba, ga warin ƙauri, to farantin kuloci ne ya cinye yake zamewa, na'urar tana ƙara masa totur ne kawai.

Mai son sanin halin motarsa yana iya gwadawa a miƙaƙƙen titi busasshe, babu mota gaba babu baya. Ya kai kilomita 60 a giya ta huɗu, ya danna SET, ya ɗauke ƙafa. Ya ɗan taɓa birki ya ga ko ta saki. Ya sake kama ta, sannan ya taka kuloci yana kallon allurar juyin inji, babban yatsansa a kan maɓallin kashewa. In allurar ta sauko, makunni yana aiki, sai ya saki kuloci ya lura ko mota ta koma 60 da kanta ko tana jiran RES, don ya san wane tsari ke cikinta. In allurar ta yi sama, ya kashe na'urar nan take, kada ya sake kunna ta sai mai rewaya ya duba makunnin da ke saman fedar kuloci.